Tun bayan ambaliyar Alau Baba ya daina magana, ina zan nufa da shi?

Ɗan Gwange:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Shadda da atamfa yake sayarwa a kasuwar Monday Market ta Maiduguri tun ban san kaina ba. Gobarar watan Fabrairun 2023 ta cinye shagonsa ƙurmus, ya ci bashi ya sake tada jari. Bai gama biya ba dam ɗin Alau ya ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya ci kasuwa ya ci gida. Lokacin gobara ya yi ta maza, shi ne ma mai ba wasu haƙuri. Wannan karon kuwa kamar an canza shi. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai Mama ta yi da gaske, majalisar ƙofar gida ya daina fita. Da hadari ya haɗu cikin dare sai ya tashi ya ɗora katifa bisa durowa, ya zauna da tocila yana haska ƙasan ƙofa. An auna jininsa ya hau, yana shan magani, amma shirun na nan. Ƙannensa sun ce rashin tawakkali ne, wasu sun ce iska ce.

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanena, abin da ka lissafa alamun ciwon damuwa ne haɗe da firgicin da ke bin bala'i. Idan mutum ya haura mako 2 cikin ƙunci, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar abin da ya saba, likitoci ciwo suke kiransa. Kada ka yi mamakin ya jure gobara ya kasa jure ruwa. Masifa in ta zo a jere, ta biyu tana tarar da mutum ya riga ya gaji, ga bashi yana tashi da shi kullum. Jiki ba ya samun hutu daga fargaba, shi ya sa barci ke gudu jini ke hawa. Ku kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan titin Baga. Mutane da yawa ana duba su ne su koma gida a ranar, ba kwantarwa. Abu guda: in ka ji yana cewa gara mutuwa, ko ya fara rabar da kayansa, kada ku kwana ba ku je ba, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Almajirin Zaure:
Masu cewa rashin tawakkali su ji tsoron Allah. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). A ci gaba da addu'a da tofi, a kuma je asibiti.

Tsohon Ɗan Kwari:
Ɗana, ni ruwa ya taɓa shiga shagona a Kantin Kwari, na san abin. Maganin likita zai sa shi barci, amma bashin ne ke cin sa. Ɗan kasuwa ba ya tsoron asara kamar yadda yake tsoron haɗa ido da wanda ya ba shi kaya. Ka nemi dattijo a layinsu, ku je wurin masu kayan a yanka biya kaɗan-kaɗan, a gabansa. Kuma kada ku riƙa yanke shawara a bayansa don tausayi. Ka kawo masa shadda ka ce, Baba duba mini wannan, ta ƙwarai ce? Ka bar shi ya murza ta da yatsa ya faɗi kuɗinta.

Ɗan Gwange:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Matsalar yanzu ita ce in na ambaci titin Baga zai ce na mayar da shi mahaukaci. Anti, zai yiwu likitan da ke duba masa hawan jini ya fara yi masa maganar?