Tsutsa ta addabi rakena, dogon yaro zai yi aiki kuwa?

Manomin Fadama: Salam 'yan uwa. Dan Allah masu noman rake a taimaka, rakena bai daɗe da tsirowa ba sai ganyen tsakiya ya riƙa bushewa, in ka ja shi ya zaro salin alin ga wari, gindin kuma duk huda. Maganin feshi ya yi tsada wlh, wani ya ce in gwada dogon yaro, da gaske yana yi ko dai labari ne?

Ɗan Makarfi: Wslm. Tsutsar kara ce wannan malam. Wanda ya riga ya bushe ka haƙura da shi, ka sare shi daga gindi ka ƙone, dan tsutsar na ciki kuma ba feshin da zai iske ta a can. Dogon yaro riga-kafi ne, ƙananan da suka ƙyanƙyashe a ganye ba su kai ga huda kara ba su yake kamawa.

Malamin Gona: Yana yi amma yawanci ganye mutane ke jiƙawa sai su ce ba ƙarfi, alhali ƙarfin a ƙwallon 'ya'yan yake. Ka tsinto waɗanda suka nuna suka faɗo, ka wanke ka shanya a inuwa, ka ɓare ka daka, giram 50 a litar ruwa 1, wato tankin goyo mai lita 16 zai ci giram 800. Ya kwana a jiƙe, ka tace da ƙyalle sosai in ba haka ba bakin famfo zai toshe maka, ka sa ɗan sabulu dan ya kama ganye. Da yamma ake fesawa saboda rana na kashe ƙarfinsa, kuma kar ya yi kwanaki a ajiye. Ba ya kashewa nan take fa, hana ta cin abinci da girma yake yi, sai ka maimaita duk sati.

Baba Mai Mazarƙwaila: Ni dai duk sati ɗin nan ne matsalata, mai kadada 2 ina zai kai wannan daka? Ga ƙaramar gona ba laifi. Kuma ɗana ka tona gindin ka duba, wani sa'in gara ce ba tsutsa ba, ita kuma tunkuzar 'ya'yan dogon yaron da aka matse mai ake zubawa a rami lokacin dashe.

Manomin Fadama: Na gode Baba, na tona ban ga gara ba. Malam ganyen taba fa, in haɗa?

Malamin Gona: A'a bar taba, gubarta na shiga ta fatar mai feshin.