Musayar Waƙa: Ƙuri'a 312 a Minesota

Baƙon Amurka: Salamu alaikum. Tunda kuna kukan daɗewar shari'ar zaɓe, ga kujerar sanatan jihar Minesota ta Amurka ta 2008, wadda Norm Coleman na Rifablikan da Al Franken na Dimokurat suka nema. Mai baki ya amsa.

A Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a,
Kusan miliyan uku na jama'a,
Coleman da 215 ya yi sa'a,
Doka ta ce a sake ƙirge, ba ba'a.

Baba Na-Zaure:
Yaro ka tafi ci-rani,
Ka dawo mana da zaɓen wani,
Ƙanƙara ta daskare maka tunani,
Kana tono abin da ya sha zamani.

Baƙon Amurka:
Baba ka bar ni in kai ƙarshe,
Da hannu aka ƙirga, rata ta rushe,
Franken ya hau da 225, kunnenka a toshe,
Coleman ya ruga kotu, maƙogwaro a bushe.

Gwaggo Mai Fura: Kai ɗan nan, da Baban kake? To ni ga inda na sha dariya:

Wani ya cike wa Franken gurbi a tsare,
Ya ƙara rubuta "mutanen ƙadangare",
Manya suka zauna suka duba tare,
Suka ce ta lalace, aka ware.

Ɗalibin Aruli: Gwaggo, Allah ya ƙara basira. Amma Baƙo, baitinka gurgu ne. Karanta 215 da baki ka ji: ɗango ɗaya ya haɗiye biyu. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Baƙon Amurka: Malam, lissafi zan rage don in gyara maka kari?

Ɗalibin Aruli: Rage surutu dai.

Sarkin Yaƙin Baba: Baba ne gwani a zauren nan, wanda ya musa ya zo mu auna. Kuma "kunnenka a toshe" rashin kunya ce, ba fasaha ba.

Gwaggo Mai Fura: Auna na Baban naka ma, ɗangonsa na uku ɗingishi yake.

Baba Na-Zaure: Na je jana'iza, yanzu na gani.

Wai Franken sana'arsa ba da dariya,
Shi kuka naɗa wa rawanin tsiya?
Kai ma ka tsaya takara, ɗan Zariya,
Ka iya barkwanci, saura gaskiya.

Baƙon Amurka: Allah ya jiƙan musulmi, Baba. Amma ka karɓi wannan:

Mai barkwancin dai shi ya ci,
Da 312, ba magudi ba zalunci,
30 ga Yuni kotun ƙolin jiha ta yi hukunci,
7 ga Yuli ya rantse, ɓangaren Dimokurat ya kai sanata 60, ka ji ɗaci?

Ɗalibin Aruli: Innalillahi. Lambobi huɗu a baiti ɗaya! Wannan ai takardar sakamako ce.

Gwaggo Mai Fura: Wata takwas ana jan magana, wata shida jihar na ta lallaɓawa da sanata ɗaya? Baba, kai muke jira, kada ka ce caji ya ƙare.