Ciwon Takayasu da bugun zuciya: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Uwar biyu: Assalamu alaikum. Shekarata 31, kuma shekara uku ke nan da aka gano ina da Takayasu, wato kumburin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya da rassanta. Watan jiya ina cikin shanya na ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji, gumi ya karyo min, muƙamuƙina ya riƙe. Na sha maganin olsa na kwanta. Sai da asuba aka kai ni asibiti, awon aikin zuciya na ECG da gwajin jini na troponin, mai nuna raunin tsokar zuciya, suka nuna bugun zuciya ne, wato jini ya kasa isa tsokar zuciyar. Likita ya ce kumburin ne ya matse bakin jijiyar da ke shayar da zuciya, daidai inda ta ɓalle daga babbar. Har yanzu tsoron barci nake.

Maigidan mara lafiya: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Matata ma haka. Sau biyu ana sallamar mu, wai yarinya 'yar 27 me zai kai ta ciwon zuciya, damuwa ce. Abin da ya fi ƙona min rai awon jini: a hannun hagu 90 ake gani, a ce jininta ya yi ƙasa. Ranar da wani likita ya laluba wuyan hannunta bai ji bugu ba, ya ɗaura abin awon a ƙafa, sai ga 170. Ashe hawan jini ya daɗe yana cin ta, jijiyar hannun ce ta tsuke take ɓoye shi.

Tsohuwar nas: 'Yata, sannu. Yawanci mata 'yan ƙasa da 40 ciwon nan ke kamawa, shi ya sa ake saurin kawar da zancen zuciya. Ƙanwata ma tana da shi. Da ta ji sauƙi, ga fuskarta ta kumbura saboda prednisolone, maganin rage kumburin jijiyar, sai ta daina shan sa gaba ɗaya ba shawarar kowa. Wata biyu ciwon ƙirji ya dawo. A hankali likita ke rage maganin, yana duba ESR da CRP, gwaje-gwajen jini masu nuna kumburi. Ita sai da kumburin ya lafa aka saka mata ɗan bututun buɗe jijiya, don in an saka yana kan ganiyarsa wurin kan sake toshewa. Amma in bugun zuciya ya zo, ba a jira.

'Yar auta: Cutar mahaifiyarmu ma kumburin jijiya ce, amma irin ta tsofaffi, wadda ke kama jijiyar gefen goshi. Tana da 68, in tana tauna tuwo muƙamuƙinta ya gaji. Tun lokacin duk ciwon ƙirji asibiti muke nufa, ko tsakar dare ne.

Uwar biyu: Na gode ƙwarai. Mama, ni ma na rage prednisolone da kaina kafin abin ya faru, ban faɗa wa kowa ba. Ranar Talata zan gaya wa likita, in kuma roƙe shi ya auna ni a ƙafa.