Wa rasuwa ta taɓa haɗa shi da abokin makaranta a nan Legas?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya muka kai wani abokin karatunmu makwancinsa a Agege, Allah ya jiƙansa. Ana cikin zuba ƙasa sai na ji an kira ni da laƙabin da rabona da jin sa tun 1994, shekarar da muka zana WAEC. Ina waiwayawa sai ga mutumin da muka yi shekara shida a gado ɗaya a makarantar kwana a Zariya, shi a sama ni a ƙasa. Gemu duk ya yi furfura. Ashe shekararsa 17 yana sayar da raguna a Alaba Rago, ni ina nan Mile 12, gari ɗaya, ko a danfo Allah bai taɓa haɗa mu ba.

Da aka watse muka zauna wurin mai shayi, aka yanka mana burodin Agege. Hira ta koma kan marigayi. Shi ne mai akwatin ƙarfen da ba ya rabuwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. In an kashe fitila sai ya jiƙa a bokiti, mu kewaye shi mu takwas da cokali biyu, kuma bai taɓa cewa nasa ne ba. Shi ke tashin mu sallar asuba cikin hunturu, muna ƙunƙuni yana yaye mana bargo. Muka yi dariya har hawaye, daga nan kuma sai kukan gaske ya zo. Akwai wanda irin wannan ta same shi?

Uwar Biyu, Idi-Araba:
Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Ni a nan aka haife ni. Aminiyata ta firamare, bayan rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 mahaifinta ya kwashe su suka koma Katsina, ko sallama ba mu yi ba. Da maigidana ya rasu ina cikin takaba, wata rana aka ce ina da baƙuwa. Ta shigo da kwanon tuwo a hannu, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" Muryar kawai na ji na gane ta. Ashe aure ya dawo da ita Ikorodu, a WhatsApp ta ga sanarwar. Wata huɗu da kwana goma ɗin nan, kusan kowace Juma'a sai ta keto cunkoso ta zo. Ita ta tuna mini waƙoƙin gaɗar da muke yi a ƙofar gida da tallar goron da muke fita bayan la'asar. Yarana har yau Mama suke ce mata.

Direban Tanka, Apapa:
Ni tawa ba daɗi. Mun haɗu da wani abokin karatuna wurin ta'aziyyar malaminmu na lissafi, muka karɓi lambar juna, na ce zan zo masa Obalende. Yau lodi, gobe layi a bakin depo, har wata takwas. Sai labarin rasuwarsa na ji. Lambar tana nan a wayata, na kasa gogewa.

Dattijo, Zangon Agege:
'Ya'yana, ku kun samu sauƙi. Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Iddo a 1981, kuma wayar hannu sai 2001 ta shigo. A da labarin rasuwa a bakin direbobin motar shanu ko fataken goro yake zuwa, wani lokaci sai an yi sadakar arba'in kafin ka ji. Haka na ji rasuwar malaminmu na allo a Gusau. Na tafi ta'aziyya, na tarar da wanda muke wanke allo tare, muke zuwa ɗebo karan da ake hura wutar karatun dare. Idonsa ya tafi. Ya kama hannuna ya shafa tabon da wutar nan ta yi mini, ya faɗi sunana. Muka ja Tabaraka tare a zaure, inda na tsaya ya ɗora. Direba, ka nemi iyalan abokinka ka je musu, ko da buhun shinkafa ne.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Marigayi ya bar yara huɗu, babban yana aji biyu a babbar sakandare. Ranar sadakar bakwai mun yi magana da abokin nawa, za mu raba kuɗin makarantar yaron tsakaninmu. Mun kuma gano mutum uku cikin 'yan bokitin nan, ɗaya a Kaduna, biyu a Kano. Lahadi in Allah ya kai mu zan bi hanyar Badagry zuwa Alaba Rago, ya ce in zo da garin kwaki shi zai kawo ƙuli-ƙuli.