Fentin akirilik na masu zane zai yi a kan 'yan sojojin wasan tebur?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yan sojojin Warhammer 40,000 guda ashirin na roba mai tauri, da wasu dodanni na Reaper Bones da ake wasan Dungeons & Dragons da su, tsayin mafi yawansu milimita 28 zuwa 32. Fentin Citadel da Vallejo, wanda aka yi don irin waɗannan 'yan sojoji, sai an yi odarsa daga waje, kuɗin kawowa kuwa ya kusa fin na fentin. Abin da ke hannuna Liquitex Basics ne na matsawa kala shida, da kwalaben Apple Barrel, da kwalin fosta kala. Na gwada a kan soja ɗaya: ja ya ƙi rufewa, fari ya bushe gari-gari, fuskar ta toshe har ido ya ɓace. A jikin dodon kuma fentin taruwa yake ɗigo-ɗigo, ya ƙi kwanciya. Laifin fentin ne ko na hannu? A Kano nake, hunturu ya shigo. A taimaka.

Malamin zane:
Wa alaikumus salam. Fara da ajiye fosta kalar nan gefe, ba akirilik ba ne. Ko ya bushe, da zarar ruwa ya taɓa shi zai narke, shafi na biyu ya kwashe na farko.

Sauran biyun akirilik ne na gaske, kuma abu uku ke cikin kowane: garin launi, danƙon da ke riƙe shi, da ruwa. Bambancinsu yana wajen yawan garin. Apple Barrel da 'yan uwansa irin FolkArt da Americana an yi su ne don katako da kwali, kwalbar mililita 59 a farashi mai sauƙi, don haka garin launin kaɗan ne, an cike gurbin da farin gari mara daraja. Shi ne ke fitowa idan ka sirka da ruwa da yawa, ka ga ya bushe gari-gari. Tukunyar Citadel mililita 12 ce kawai, amma an haɗa ta yadda za ta rufe ko da shafin siriri ne, kuma ta bushe ba sheƙi. Liquitex Basics yana tsakiya: ajin ɗalibai ne, launinsa ya fi na Apple Barrel ƙarfi, sai dai yana da kauri da ɗan sheƙi.

Don haka raba musu aiki. Basics a jikin soja, Apple Barrel a gindin da soja ke tsaye da gine-ginen filin wasa. Idan za ka ƙara saye nan gaba, nemi ajin ƙwararru mai ruwa-ruwa, kamar Golden Fluid ko Liquitex Soft Body, ba mai kaurin nan da ake yi don zane a kan kyalle ba, domin an yi shi ne ya riƙe sawun buroshi, kai kuwa sawun ne ba ka so. Duba bayan kwalba za ka ga lambar garin: PW6 fari ne mai rufewa, PB29 shuɗi, PR101 ja mai launin jar ƙasa, PY42 rawaya mai duhu, PBr7 ruwan ƙasa. Wanda ke da lamba ɗaya tak ya fi haɗuwa da wani ba tare da ya zama laka ba.

Mai sojojin dalma:
Ɗan'uwa, ba ka faɗi ko ka yi shafin ƙasa ba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama jikin soja, kuma daga bayaninka ba ka yi ba. Ko Citadel ka shafa a kan roba tsirara zai ɓare a gwiwar hannu da bakin bindiga. Ga yadda ake bi:

Wanke sojojin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, musamman na dalma da na rezin (wata irin roba da ake zubawa ta daskare), saboda man da ake shafa wa mazubi yana manne a jikinsu. Bar su su bushe sarai. Kankare layin mazubi da bayan reza. Sannan shafin ƙasa: fentin feshi mara sheƙi, baƙi ko toka, a girgiza gwangwanin minti biyu cur, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a wuce a dawo da sauri, kada a tsaya wuri ɗaya. In ka matso da yawa ya cika fuska, in ka yi nisa ya bushe a iska ya sauka da tsakuwa-tsakuwa. A Kano wannan na biyun ne zai fi damunka, don haka kada ka fesa da tsakar rana ko ranar da hazo ya yi yawa.

Dodannin Bones kuwa kada ka kai musu feshi. Robarsu mai laushi ce ta PVC, sinadarin da ke cikin gwangwanin feshi da yawa ba ya shiri da ita, jikin ya yi ta danƙo makonni bai bushe ba. Taruwar ɗigon da ka gani saboda robar na korar ruwa ne. A wanke da sabulu, a yi shafin farko da fenti ba sirki ko kaɗan, siriri, a shimfiɗa shi da kyau. Daga shafi na biyu sai a fara sirkawa.

In babu feshin kirki, jeso, wato shafin ƙasa na masu zane, yana yi da buroshi. Da ɗanyensa za ka ga kamar ya binne komai, amma yana tsukewa idan ya bushe. Ba shi awa 24 kafin ka ɗora fenti.

Malamin zane:
Game da fuskar da ta toshe, kauri ne. Matsa Basics ɗan kaɗan, ka ƙara ruwa ɗigo-ɗigo har ya kai kaurin madara. Ja buroshin a bayan farcenka: idan ya bar layi santsi ba tudu, ya yi. Idan launi ya gudu gefe ya bar tsakiya fayau, ruwa ya yi yawa.

Amma ruwa kaɗai yana da iyaka, domin yana raba garin launi da danƙonsa. Sayi kwalba ɗaya ta matte medium, wato danƙon akirilik zalla mara launi, mara sheƙi. Haɗa shi da ruwa rabi da rabi a kwalbar ɗigo, da wannan za ka riƙa sirkawa. Yana tsinka launin ba tare da ya karya riƙonsa ba, kuma yana kashe sheƙin Basics. In ka samu Flow Aid, sinadarin da ke sa fenti ya kwanta sumul, ba a zuba shi kai tsaye: kashi 1 cikin kashi 20 na ruwa. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin farin tabo a gefen shafi, yi amfani da ruwan batir wanda aka tace, ba mai asid ba.

Shafi biyu ko uku sirara, kowane ya bushe kafin na gaba. Kada ka koma kan wurin da ya fara kamawa, za ka yage fatar fentin ta yi gudaji. Ja da rawaya kuma ba laifin arha ba ne kawai, garinsu ne ke barin haske ya wuce. A ƙarƙashin ja sa ruwan ƙasa ko PR101, a ƙarƙashin rawaya sa ruwan hoda ko PY42. Fari a fara shi daga toka mai haske, a ajiye farin zalla don ƙololuwa kaɗai.

Yaya mai gine-gine:
Ni ban yarda a raina Apple Barrel haka ba, Malam. A bango da dutse da ƙasar gindi babu abin da ya kai shi riba, kuma bushewarsa ba sheƙi ita ake nema a can. Ƙanena, shafa Top Bond a gindin sojan, tsoma shi cikin yashi mai laushi, ya kwana. Sake bi da gam ɗin da aka sirka da ruwa kashi uku don yashin ya kama. Shafa ruwan ƙasa mai duhu. Sai ka ɗauki tsohon buroshi busasshe, ka ɗebo launi mai haske, ka goge a tishu har ya kusa ƙarewa, ka riƙa sharar saman yashin. Wannan sharar tana yi a gashin dodo da sulke ma. In ka yi gini da farin soson kwalin firji, kada ka fesa masa fenti, narkewa zai yi. Rufe shi da gam haɗe da baƙin fenti tukuna.

Inda na sallama shi ne launin ƙarfe. Azurfa da zinare na masu arha ƙyallinsu manya ne, a jikin takobi mai tsawon santimita ɗaya sai su fito ɓaro-ɓaro. In za ka yi oda, kwalba biyu na ƙarfe daga Vallejo ko Army Painter su ne suka cancanci kuɗin kawowa.

Mai sojojin dalma:
Da hunturun nan fenti zai bushe maka a faranti kafin ka gama hannu ɗaya. Samu robar abinci mai murfi, shimfiɗa tishu ninki huɗu, jiƙa shi sosai amma kada ruwa ya kwanta, ɗora takardar da ake shimfiɗa wa kek a gidan gashi. A kanta za ka zuba fenti. Danshin ƙasa zai riƙe shi awanni. Canja tishun duk bayan 'yan kwanaki don kada ya yi fumfuna. Akwai maganin jinkirta bushewa, amma kada ya wuce kashi 15 cikin 100, in ya wuce fentin zai yi ta danƙo. Soja mai ɗanyen fenti kuma a kife masa kofi saboda ƙura.

Buroshi lamba 1 ko 2 mai tsinin kirki ya fi ɗan mitsitsin nan 000, wanda ba ya riƙe danshi. Kada fenti ya kai wuyan ƙarfen, can yake bushewa ya raba gashin. Kuma kada ka gyara tsini da baki: fentin ƙwararru wani yana da kadmiyam, kamar PR108 da PY35, guba ne.

Sabon shiga:
Allah Ya saka da alheri. Saura biyu: ruwan inuwar nan, wato tsinkakken fenti mai duhu da ke shiga lungu, ana iya haɗa shi a gida? Sojan da na ɓata kuma ya tafi ke nan?

Malamin zane:
Amin. Ana haɗawa. Ɗigo 10 na matte medium, ɗigo 10 na ruwan da aka sa wa Flow Aid, ɗigo 2 ko 3 na tawadar akirilik baƙa ko ruwan ƙasa. In babu tawada, ɗan Basics kamar kan ashana, a dama sosai. Kada ka yi da Apple Barrel, farin garin cikinsa zai kwanta a lungu ya yi toka-toka. In ya taru a fili, tsotse shi da busasshen buroshi kafin ya kama, in ba haka ba zai bar zobe.

Bayan an gama, bar shi kwana guda, sannan banish na akirilik, wato shafin kariya mara launi, siriri, mai sheƙi a ƙasa in kana so, mara sheƙi a sama. Na buroshi ya fi aminci. Na feshi yakan yi fari-fari idan iska na da danshi, wato da damina ka kula.

Yaya mai gine-gine:
Bai tafi ba. Jiƙa shi a barasar asibiti mai ƙarfi, isofurofil, na awa ɗaya ko biyu, ka goge da buroshin haƙori. Dettol mai ruwan ƙasa ma yana cirewa in ya kwana a ciki, amma sa safar hannu, kuma ka goge fentin tas a cikin Dettol ɗin kafin ruwa ya taɓa shi, domin ruwa na mayar da ragowar danƙo mai wuyar fita. Asiton (ruwan goge fentin farce) da tina kuwa na sojan dalma ne kaɗai, sojan roba narkewa zai yi. In ya fito, wanke da sabulu, ya bushe, ka koma kan shafin ƙasa.