Kuɗin ƙananan hukumomi: ina aka kwana tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar 11 ga Yuli 2024 ina zaune a gindin darbejiya da rediyona na ji an ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, daga yanzu kason ƙananan hukumomi 774 zai riƙa shiga hannunsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Har na leƙa cikin gida na ce wa mai ɗakina, to, famfon unguwarmu ya kusa gyaruwa. Yau ga shi damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, jikokina na nan suna bin 'yan garuwa.

Kwanan baya na yi kiciɓis da kansilanmu a wajen ɗaurin aure. Yaro ne da na koya wa karatu a aji uku, don haka ban ɓoye masa ba. Ya ce, "Wallahi Malam, ni ma albashina kawai nake gani, shi kansa ciyaman sai abin da aka yago masa." Shin gaskiya ya faɗa min, ko zillewa ce irin ta 'yan siyasa?

Sannan akwai abin da ke cina a rai. A 1991 gwamnatin Babangida ta miƙa harkar firamare ga ƙananan hukumomi. Ina cikin waɗanda suka ɗanɗana. Wata huɗu na yi ba ko kwabo, sai da na sayar da kekena, ina taka sayyada zuwa makaranta. Sai 1993 aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa muka ɗan numfasa. Ina son famfo, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗan Lauya:
Wa'alaikumus salam, Baba. Kansilan bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba. Antoni Janar Lateef Fagbemi ne ya maka gwamnoni 36 a kotu, ya kuma yi nasara, har kotun ta ce kantomomin riƙo haramtattu ne. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 yana nan da maganar asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, ba a goge shi ba. Nan gwamnoni suka samu mafaka. A Anambra ma doka aka yi cikin 2024 wadda ta sa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi.

Kuma Baba, ko an turo kuɗin kai tsaye, wa ya ɗora ciyaman? A Oktoban 2024 NNPP ta cinye duka 44 a Kano, APC ta cinye duka 23 a Kaduna. Hukumar zaɓen jiha ce ke shiryawa, gwamna ne ke naɗa ta. Wanda aka ɗauko aka ɗora, in an ce ya dawo da kuɗi, da gudu zai kai.

Ma'aji Mai Ritaya:
Malam, na yi shekaru a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne, a takarda. Kafin ya iso mana an cire albashin malamai, an cire na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, sai kuma abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda wani lokacin a rediyo muke jin an yi su. Amma kada kansila ya wanke kansu tas. Kuɗin rumfunan kasuwa da na tasha da na kara ba gwamna ke karɓa ba. Gyaran famfo ɗaya bai fi ƙarfin harajin kasuwa ɗaya ta mako ba. Ka tambaye shi ina rasit.

Malama daga Abuja:
Baba, tsoronka na kan hanya. Mu nan babu gwamna, kuma INEC ce ke yin zaɓen ƙananan hukumominmu shida. Duk da haka malaman firamare sun yi yajin aiki tun daga Maris har Yulin 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Yarana uku sun yi zaman gida sama da wata uku, babbar har ta fara mance lissafi. Ni dai a ba su kuɗinsu, amma a cire albashin malamai tun daga sama kafin ciyaman ya gani.

Tsohon Hedimasta:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, Allah ya raya yara, abin da ƙungiyarmu ta malamai, NUT, ta daɗe tana faɗa ke nan. Alhaji Ma'aji, ka buɗe min ido da maganar kasuwa, ban taɓa kawo ta a raina ba, alhali kowace Laraba ina ganin masu yankar rasit a bakin kara. Jikana ya ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma duk wata a intanet, zai bugo min namu a takarda. Ranar Juma'a bayan an sauko zan tare kansilan nan da ita, tare da mai unguwa.