Wane littafin sauraro ne ke riƙe mutum?

Mai tambaya: Jama'a, idanuna suna gajiya da karatun dare, shi ya sa na koma sauraro. Amma wasu littattafan ina farawa sai barci. Me kuke dubawa kafin ku zaɓa?

Tela: Muryar mai karatu, ɗan'uwa. Ina ɗinki ina sauraro, idan bai bambanta muryar tsohuwa da ta yaro ba, sai in rasa wa ke magana. Ka ɗan saurari farkonsa tukuna. In yana jan magana, ƙara saurin muryar zuwa ninki 1.25.

Malama: Ni tarihin rayuwa nake so, wanda marubucin ya karanta da bakinsa, kana jin inda muryarsa ke rawa. LibriVox, shafin littattafan sauraro a intanet, kyauta ne, sai dai 'yan sa-kai ke karantawa, wani babi ya yi daɗi, wani kuwa sai haƙuri.